Ruwan da ke Cikin Katako, da Dalilin da Ƙofofinmu ke Buɗe Baki da Hunturu

Duk wanda ya taɓa sa kafinta ya yi masa ƙofa ko kabad a Gombe cikin watan Agusta ya san abin da kan biyo baya idan Janairu ta kama. Falankan da aka haɗa cif-cif sai su ja da baya har a riƙa hango haske ta tsakaninsu, sakata ta daina saduwa da raminta, wani lokaci ma a ji ƙarar tsagewa cikin dare. Maigida ya ɗora wa kafinta laifi, kafinta ya tura wa mai sayar da katako, shi kuwa ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi Alhaji busasshe na ba ka." A ganina su ukun suna gardama ne a kan abin da babu wanda ya auna a cikinsu, wato yawan ruwan da ke cikin katakon ranar da aka sa masa zarto, alhali kuwa masu binciken itace sun fi shekara ɗari da warware wannan magana.

Idan aka sa ɗan yankin itace a ƙarƙashin madubin ƙara girma, abin da ake gani ya yi kama da damin karan dawa: dubban siraran bututu ne a jere, duk sun miƙe daga gindi zuwa sama, an manne su da juna. Shi ya sa gatari ke faskara itace cikin sauƙi ta tsawonsa amma ya sha wahala ta kwance, shi ya sa kuma bakin falanki, inda bututun suke a buɗe, ya fi jikinsa saurin shan ruwa da saurin bushewa. Bangon kowane bututu an gina shi ne da sinadarai uku. Akwai selulos, wanda shi ne kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na nauyin busasshen itace, kuma wani Bafaranshe masanin sinadarai mai suna Anselme Payen ne ya fara ware shi a 1838. Akwai hemiselulos, sai kuma lignin da ke ɗaure su ya ba itace taurinsa, kowannensu kusan kashi 20 zuwa 30. Wani abin mamaki shi ne, ainihin abin da aka yi bangon da shi nauyinsa kusan ɗaya ne a kowace bishiya, wajen kilo 1,500 a mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi. Bambancin obeche, farin katako marar nauyi wanda bai kai kilo 400 ba, da kirya da ke kusantar kilo 1,000, bai wuce kaurin bango da yawan iskar da ke cikin bututun ba.

Ruwa iri biyu ne a cikin ɗanyen itace. Na farko yana kwance a cikin bututun, kuma fitarsa ba ta canza girman katako ko kaɗan, nauyi kawai take ragewa. Na biyu yana maƙale a cikin bangon, a jikin selulos da hemiselulos, kuma shi ne mai haddasa duk wata fitina, domin da zarar ya fara fita sai bangon ya tsuke. Matakin da ruwa na farko ya ƙare na biyu bai fara fita ba yana kusa da inda nauyin ruwan ya kai kashi 30 cikin ɗari na nauyin busasshen katakon a yawancin itatuwa, kuma Ba'amurke Harry Tiemann ne ya bayyana shi a 1906. A nan ne ake yaudarar ido da hannu. Falankin da ya sauka daga kashi 70 zuwa 30 ya yi sauƙin ɗauka, bayansa ya bushe ƙayau, mai saye zai ƙwanƙwasa shi ya gamsu, amma a lokacin ko fara tsukewa bai yi ba.

Katako kuma ba ya bushewa sau ɗaya ya huta. Muddin yana nan, yana karɓar danshi daga iska yana mayarwa, har sai ya daidaita da wurin da aka ajiye shi. Inda danshin iska ya kai kashi 80, katako kan tsaya a wajen kashi 16. Inda danshin ya sauka zuwa kashi 30, sai ya tsaya a wajen 6. A kashi 20 kuwa ba ya kai 5. Mu a Gombe da Bauchi muna ratsa duk waɗannan matakai cikin shekara guda, daga tsakiyar damina zuwa tsakiyar hunturu, yayin da dazuzzukan Ondo, Edo da Kuros Riba, inda galibin katakon kasuwarmu ke fitowa, ba sa ganin irin wannan bushewar. Saboda haka mai injin yanka a Kudu yana iya faɗin gaskiya idan ya ce katakonsa ya bushe, sai dai bushewar garinsu ce. Ga ɗan lissafi. A ɗauki itacen da duk tsukewarsa ta faɗi kashi 7 ce daga kashi 30 na ruwa zuwa sifiri. Idan falanki mai faɗin santimita 30 ya sauko daga kashi 17 zuwa 6, zai rasa kusan milimita 8. Ƙofa mai falanki uku ta rasa fiye da santimita biyu ke nan, kuma babu manne ko ƙusar da za ta hana hakan. Iyakar abin da ƙusa za ta yi shi ne ta riƙe gefe har tsakiya ta tsage.

Tsukewar ma ba ta tafiya daidai ta kowace fuska. Ta tsawo kusan babu ita, abin bai wuce kashi 0.1 zuwa 0.2 ba. Ta bin zagayen zoben bishiya kuwa ta kusan ninka wadda ke bin layi daga tsakiya zuwa ɓawo. A ɗauki falankin malaina a dubi bakinsa da kyau, za a ga layukan zoben. Idan sun kwanta suna lanƙwasa kamar baka, wannan falanki zai kwarmashe, gefensa biyu su ɗago ta ɓangaren da ɓawo yake. Idan layukan a tsaye suke, sun ratsa kaurin falankin kai tsaye, zai tsuke kaɗan kuma ya zauna a miƙe. Irin wannan na biyun ya kamata a tsinto domin ƙofa da saman tebur, ko da za a ɓata rabin sa'a ana juya tari, wanda ba kowane mai rumfa ke son gani ba.

Auna ruwan ba ya bukatar babban ɗakin bincike. Ana yanko ɗan guntu daga tsakiyar falanki, nesa da baki, a ɗora a sikeli, a busar da shi a tanda mai zafin digiri 103 har nauyinsa ya daina raguwa, a sake aunawa. Guntun da ya tashi daga giram 130 ya koma 100 yana ɗauke da ruwa kashi 30. Akwai kuma ƙaramar na'ura mai allura biyu da ake sokawa a jikin katako ta nuna adadin nan take. Busarwar ita ma ba sihiri ba ce: a jera falankan a inuwa, a ɗaga su daga ƙasa, a sa siraran sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane sahu, kowace sanda a saitin ta ƙasanta, a ɗora nauyi a sama, a shafe bakuna da fenti ko kakin zuma don kada su riga jiki bushewa. Jingina falanki a bango cikin ranar Maris, kamar yadda ake gani a ƙofar shaguna da yawa, hanya ce ta busar da fata a bar ciki da ruwa, kuma daga nan tsaga ke farawa.

Ruɓewa ma maganar ruwa ce, amma ta wata fuska. Fumfunar da ke cin itace tana bukatar danshi da iskar shaƙa a lokaci guda. Katakon da ruwansa bai kai kashi 20 ba ba ya ruɓewa, haka ma wanda ya nutse gaba ɗaya inda iska ba ta kai masa. Babbar shaida tana nan maƙwabtanmu. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙar rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwale-kwale a zurfin kusan mita biyar. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi a 1994, tsawonsa ya haura mita takwas, kuma gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, wato yana cikin jirage mafi tsufa da aka taɓa samu a duniya. Jiƙaƙƙiyar ƙasa marar iska ce ta adana shi. Dirkar rumfa kuwa, wadda ba ta yi shekara biyar ba, takan karye daidai wuyan ƙasa, inda danshi da iska suka haɗu, alhali samanta da can ƙasanta suna nan garau.

Gara ita ce ta fi fumfuna damunmu a nan, tare da ɗan ƙwaron nan da ke huda farin katako a wayi gari a ga gari mai laushi a ƙasan siling ko gado. Tsutsar wannan ƙwaro sitaci take ci, sitacin kuwa yana cikin farin gefen itace, wato sashen da ke ƙarƙashin ɓawo wanda yake da rai lokacin da aka sare bishiyar. Zuciyar itace daban ce. Yayin da bishiya ke tsufa, tana cusa wa tsakiyarta wasu sinadarai da ke toshe bututu, su ba ta launi da ƙamshi, su kuma zame wa ƙwari da fumfuna guba. A cikin loko, alal misali, an gano wani mai suna kloroforin. Masu bincike suna gwada ƙarko ta hanyar kafa turaku a fili su riƙa dubawa shekara da shekaru, kuma ma'aunin Turai na EN 350 ya kasa sakamakon aji biyar, daga mai matuƙar ƙarko zuwa marar ƙarko. Abin lura shi ne ajin na zuciya ne kawai. Farin gefe, ko na wace bishiya ne, marar ƙarko ake lissafa shi. Don haka sunan bishiya kaɗai ba ya isa: tubaifo na jan katako mai farar tsiri a gefe guda, ta wannan tsirin gara za ta shiga.

Masassaƙanmu sun daɗe da sanin wannan ba tare da sunayen sinadarai ba. Turmin kirya, bayan an fere farin gefensa kaf da gizago, yakan wuce daga uwa zuwa 'ya, kuma taurin nan nasa ne ya sa maƙera ke neman gawayinsa. Aduwa ake zaɓa domin allo, marke domin ƙota da dirka. Azara ta fi duka ban sha'awa, domin giginya ba ta da zobe ko zuciya irin ta sauran bishiyoyi: ƙarfinta yana daga waje, inda baƙaƙen jijiyoyi suka cunkushe, cikinta kuwa laushi ne da shi, sai a tsaga a zubar da shi a riƙe bayan. Da wannan azara magina suka ɗaure bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe rufi, a Masallacin Juma'a na Zariya da kuma Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a Jihar Bauchi, ayyukan Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19.

Inda babu zuciya mai ƙarko sai a koma ga magani, kuma a nan nake da ƙorafi. Baƙin man mota da ake shafa wa katakon rufi ba ya wuce fata, kafinta kuma yakan sake yanka bayan an shafa, ya bar sabon baki a buɗe, wanda shi ne ƙofar da ta fi kowace faɗi. Ruwan boraks ya fi shi ma'ana ga katakon da zai zauna a ƙarƙashin kwano, domin yana ratsa ɗanyen katako har ciki yana kashe ƙwaro da gara, illarsa ɗaya ruwan sama na wanke shi. Na turakun wutar lantarki masu launin kore-kore shi ne CCA, haɗin tagulla da kuromiyom da asenik da wani Ba'indiye, Sonti Kamesam, ya ƙirƙiro a 1933, wanda ake turawa cikin itace da matsin inji. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma Amurka ta daina amfani da shi a yawancin ayyukan gida tun ƙarshen 2003, kuma bai kamata a faskara tsohon turke irin wannan a yi girki ko gashi da shi ba, domin hayaƙinsa da tokarsa suna ɗauke da gubar asenik. A Holan, tun 2007 ake sarrafa katakon Accoya, inda ake toshe wuraren da ruwa ke maƙalewa a jikin bangon da wani sinadari dangin ruwan tsami, sai katakon ya rage kumbura da tsukewa ƙwarai, fumfuna kuma ta rasa danshin da za ta rayu.

Dalilin da ya sa wannan ilimi ya zama dole yanzu shi ne manyan bishiyoyi masu faffaɗar zuciya suna ƙarewa. Madobiya, wadda aka yi wa kisan kiyashi a Taraba domin kasuwar Sin, ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, mai kare tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta taƙaita cinikinsu daga farkon 2017, maɗaci da kawo suka bi ta a taron Panama na 2022. Abin da zai rage mana shi ne malaina da turare da dogon yaro na shuka, waɗanda ake sarewa da ƙuruciya, farin gefensu da yawa, malaina kuma ga ta da jinkirin bushewa. Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya da ke Ibadan da kwalejinta ta Jos suna da masana, haka ma Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jami'ar Jihar Gombe, da ta Tarayya da ke Kashere. Abin da nake so in gani daga gare su takarda ce guda, da Hausa, manne a kowace rumfa a kasuwar katako: jadawalin yawan ruwan da katako ke tsayawa a kai wata bayan wata a Gombe da Bauchi, da adadin makonnin da falankin inci ɗaya da na inci biyu na kowane iri ke bukata a tari kafin a miƙa shi ga kafinta.