Darasin -ía a daren Laraba

Roketas de Mar, Sifaniya. Bayan magariba ɗalibaina masu koyon Sifaniyanci suka shigo, yawancinsu daga rumfunan ledar da ake noman tumatir da tattasai. Yau condicional muka ɗauka, siffar da ake amfani da ita a inda Bahaushe zai ce "da na samu, da na saya", ko in za a roƙi abu cikin ladabi.

Ban buɗe littafi ba, jadawalinsa tsoratar da mutum kawai yake yi. Na rubuta hablar, comer, vivir a allo, na ce kada wanda ya yanke musu wutsiya. Sun saba cire -ar, -er, -ir kafin su liƙa ƙarshe. Nan kuwa aikatau ɗin a cike ake barinsa, a ɗora masa -ía, -ías, -ía, -íamos, -íais, -ían. Rukunan nan uku duk abu ɗaya suke ɗauka: hablaría, comería, viviría. Murya kullum a kan í take sauka.

Wani dattijo ɗan Zangon Kumasi ya ce, "Malam, ai wannan -ía mun gan shi a comía." Na ce, "Baba, shi ne ɗin, ba wani ba." Nan muka fi daɗewa, don a ganina nan ne duk ruɗanin yake. Comía, yakan ci a da. Comería, da zai ci in hali ya yi. Na sa suka yi ta maimaitawa da ƙarfi, vivía, viviría, har kunne ya fara kama r ɗin da ke tsakiya.

Aikatau masu sauya jiki, waɗanda ba a barinsu a cike, goma sha biyu ne, kuma yadda suke sauyawa a lokaci mai zuwa haka suke yi a nan: tendré, tendría. Biyar kawai na ba su: podría, tendría, haría, diría, querría. Wanda ya iya "¿podría repetir?", wato "ko za ka iya maimaitawa?", ya rage shan wuya a asibiti da ofishin takardu.

Wani saurayi ya ce "si tendría dinero", yana nufin "da ina da kuɗi", wai haka ya ji ana faɗa a Bilbao. Ana faɗa kam, amma mai duba DELE, jarrabawar shaidar iya Sifaniyanci, ba zai yarda ba. Si tuviera yake so. Wannan sai mako mai zuwa.

Aikin gida, jimla biyar da me gustaría, wato "zan so". Kafin in kai gida ɗaya ya turo ta farko ta WhatsApp: "Me gustaría dormir", wato "zan so in yi barci."