Daga hanyar Bodinga zuwa Faris bisa keke

Ni dai ma'aikacin sashen haƙori ne a nan Sakkwato, aikina wankin haƙori da ciko da cirewa, keke kuwa rabona da shi tun ina sakandare. Wani abokina da munka yi makaranta tare, yanzu yana aiki Ingila, shi ya kira ni ya ce wata ƙungiyar agaji za ta yi tseren keke daga Landan zuwa Faris don tara kuɗin kula da haƙoran marasa hali, in zo mu yi. Ba tsere ba ne na wa ya riga wa, kwana huɗu ake yi ana tuƙi, kusan mil 300, a tsallake ruwa da jirgi daga Dover zuwa Calais, a ƙare gindin hasumiyar Eiffel. Kowa zai biya kuɗin rajista sannan ya yi alkawarin tara wani adadi daga hannun jama'a.

Na ɗauka feda ce za ta ba ni wuya. Ashe roƙo ne.

Horon dai na yi shi, bayan sallar asuba in ɗauki hanyar Bodinga in dawo kafin rana ta buɗe, don wanda ya san zafin Afrilu a garin nan ya san ƙarfe tara ta yi an gama magana. Mai facin bakin hanya har ya saba da ni, in ya hango ni da hular kwano sai ya ce "Likita, yau ma Faransa za a?" Yaya babba kuwa cewa ya yi da girmanka da iyalinka za ka tafi ƙasar Turawa hawan keke, wai ko babur ya gagare ka. Biza biyu na nema, ta Ingila da ta shiga Faransa, wannan kaɗai labari ne na daban.

Amma tara kuɗin, wallahi sati uku ina tura saƙo a WhatsApp ina cewa a taimaka wa lafiyar haƙori, shiru kake ji sai "Allah ya ba da sa'a". Kunya ta ishe ni, ji nake kamar bara nake yi. Sai wata rana wata mata ta kawo yaro ɗan shekara huɗu daga ƙauye, kumatu ya kumbura, baki na wari, dasashi na jini, ta ce ya yi ƙyanda watan jiya, sun yi ta ba shi jiƙe-jiƙe ana cewa iska ne. Na ce mata "Inna, da kin ƙara kwana biyar da wani zance ake yi." Farkon cutar noma ne, wato zaizayar baki. Munka tura su asibitin yara masu cutar noma da ke nan garin, wanda anka buɗe a 1999, likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF kuma suna aiki da shi tun 2014.

Daren nan na sake rubuta saƙona, ban sa hoton kowa ba, ban faɗi suna ba. Na dai bayyana abin da na sani: cutar ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, daga ciwon dasashi take farawa, cikin kwanaki ta cinye kumatu da leɓe har ƙashi, in ba a yi magani ba kusan tara cikin goma mutuwa suke, alhali in an gano da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da anka yi wa sakaci, Nijeriya ce ma ta jagoranci neman. Kafin azahar alat ya fara shigowa, dubu biyu, dubu biyar, har Yaya babba ya turo nasa bai ce uffan ba. Mutane ba rowa gare su ba, ni ne nake musu yaren ofis.

Tafiyar kanta ba zan ja ta ba. Sanyi, ruwan sama, tudun da ba mu da irinsa, sirdi ya ci min mazaunai har sallah a zaune ta so ta gagara. A Ingila hannun hagu ake bi, sau biyu ina neman faɗawa gaban mota, sai da munka shiga Faransa na samu natsuwa tunda su dama suke bi irin namu. Wata dattijuwa da ta girmi mahaifiyata ta wuce ni a kan tudu tana min murmushi, nan na daina cika baki.

Abin da ya canza a aikina ɗan ƙarami ne. Da, in uwa ta zo cire haƙori da goyo a baya, ita kaɗai nake dubawa in sallame ta. Yanzu sai na ce ta sauko da yaron, in ɗaga leɓensa in haska tocila, minti ɗaya bai cika ba. Jiya ma wata ta ce "Likita, ai shi lafiya lau yake", na ce na sani, Hajiya, bari dai in gani.