Bayan an sauke tukunya ne aikin ke farawa

Babban darasin da ke cikin sana'ar abincin bakin titi shi ne, ba kasafai matsala ke tasowa a kan wuta ba. Idan zafin tsakiyar abinci ya kai digiri 70 a ma'aunin Celsius, yawancin ƙwayoyin cuta sun mutu. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 suke hayayyafa, kuma a nan shinkafar da aka juye a kula tun hantsi take komawa kafin la'asar.

Shinkafa ta fi ban tsoro. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke zuwa tun a ɗanyar shinkafa, tafasa ba ta gamawa da ita. Da zarar abincin ya huce sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Ba wari, ba yauƙi, amma cikin awa ɗaya zuwa shida wanda ya ci sai amai. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye yana hucewa. Mai dafa mudu huɗu gara ta raba biyu, rabi da safe, rabi da azahar. A ɗauraye kula da ruwan zafi kafin a zuba, a daina barin murfi a buɗe. Idan an buɗe ba tururi, lokaci ya fara ƙurewa. Kuma don Allah kada a zuba sabuwa a kan ragowar tsohuwa.

Sai ruwa. Robar wanke kwano guda ɗaya, wadda maiƙo ya rufe samanta tun safe, hanya ce ta taifot da kwalara. Roba uku ake so: ta sabulu, ta ɗauraya, ta ruwan zafi, sannan a kife kwanuka su bushe da kansu, ba da tsumma ba. Wanke hannu kuwa da buta da sabulu ne, a zuba ruwan ya wuce.

Mai tsire ya ware wuƙa da katakon ɗanyen nama daga na gasasshe. Albasa, tumatir da kabejin da ake yankawa a kai ba sa ganin wuta, don haka a wanke su da ruwa mai tsafta kafin yanka. Hannun da ya karɓi kuɗi kuma kada ya koma cikin yaji. A sa cokali.