Gungumen da ke juyawa a gasar Ninja: me ke kayar da gwanaye a kansa?

Duk mai bin gasar tsallake shingaye a talabijin, ko SASUKE ta Japan da tashar TBS ta fara nunawa a 1997, ko American Ninja Warrior da ta biyo baya a 2009, ya sha ganin wannan abin takaici. Ƙato ne da damatsa, wanda zai iya rataye da yatsu a jikin katako har ka gaji da kallo, amma ya zo kan gungume mai juyawa, kafin ka ƙifta ido yana cikin ruwa. Mai sharhi ya ce santsi ne, 'yan kallo su ce tsautsayi. A ganina wannan bayani ya yi wa shingen rowa, domin faɗuwar tana da dalili, kuma dalilin ana iya auna shi da santimita.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne, yawancin waɗannan gungumai ba su da inji. Babu wanda ke danna maɓalli ya juya su. Nauyin ɗan wasan ne ke juya su, kuma ƙarfin juyin ya dogara ne da tazarar da ke tsakanin inda nauyin ya sauka da layin tsakiyar gungumen. Iri biyu ne suka fi fitowa: wanda ake bi ta kansa da gudu, da wanda ake rungumewa ya gangara da mutum. A ido sun bambanta ƙwarai, amma wannan tazara ita ce ke hukunci a kan dukansu.

Mu fara da na gudu, don shi ya fi ruɗin mutane. Ƙirarsa ba wuya: bututu mai faɗi, na ƙarfe ko na roba mai tauri, ƙarfe ya ratsa tsakiyarsa ko kuma an yi masa waldar guntun ƙarfe a kowane baki, bakunan suna zaune a kan boris. A naɗe shi da soso, a rufe da leda mai kauri ko roba. Mutum zai taso daga dandamali ɗaya ya bi tsawonsa zuwa ɗaya dandamalin.

Idan ƙafa ta sauka daidai kan ƙololuwarsa, nauyin yana danna boris ne kai tsaye, gungumen ba zai motsa ba. Da ta kauce gefe, sai ta zama kamar hannun da ke tura ƙofa: ka tura ta kusa da hinji da ƙyar take motsi, ka tura ta wajen mariƙi sai ta buɗe da ɗan yatsa. Lissafin shi ne nauyi sau tazara. Mai nauyin kilo 70 da ya kauce da santimita 1 ya ba da 70, wanda ya kauce da santimita 5 ya ba da 350. Santimita 5 kuwa bai kai faɗin tafin ƙafa ba. Ga kuma wani abu, mai gudu yana dukan ƙasa da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau biyu ko fiye, saboda haka wanda ya zo yana dira ƙafa da ƙarfi ya ninka wa kansa matsalar.

Sai batun lokaci, wanda shi ne zuciyar al'amarin. A ɗauki misalin bututu mai nauyin kilo 60 da kaurin santimita 40, borisinsa sabo. Mai kilo 70 ya taka shi a kauce da santimita 5. Idan ƙafar ta zauna kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, saman gungumen zai zame da kusan santimita 6. Idan ta zauna ninki biyu na wannan lokacin, zamewar ba ninki biyu za ta yi ba, ninki huɗu ce, sama da santimita 22, wato ƙafar ta riga ta koma gefen gungumen. A gaskiya ma abin ya fi haka muni, domin yayin da ƙafar ke gangarawa tazarar tana ƙaruwa, ƙarfin juyin yana ƙaruwa da ita. Ga gangaren saman kansa: a wannan gungumen, wurin da ya kauce da santimita 10 daga ƙololuwa ya riga ya karkace da digiri 30, kuma a jiƙaƙƙiyar leda takalmi ba ya riƙe irin wannan karkata.

Shi ya sa tsayawa a gyara tsayuwa take kayar da mutum. Jiki ya saba da cewa in ƙasa ta yi motsi a dakata a daidaita, nan kuwa dakatawar ce ke ba gungumen lokacin da yake nema.

Yadda gwanaye ke bi da shi kusan ɗaya ne. Tun a dandamali mutum zai daidaita kansa da layin tsakiya, ya ƙidaya takun da tsawon zai ci, ya san ƙafar da zai fara da ita da wadda zai tashi da ita. Saurin da ake so a samo shi kafin a hau, domin a kan gungumen ba a neman ƙarin gudu, ana riƙe wanda aka zo da shi ne. Taku ya zama gajere kuma mai sauƙi, a kan gaban tafin ƙafa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙugu ƙasa-ƙasa, hannaye a buɗe daidai ƙirji. Ƙafafu su riƙa sauka a kan layi ɗaya, ɗaya gaban ɗaya. Wannan ya saɓa wa gudun da aka saba, inda dama ke sauka ɗan dama, hagu ɗan hagu. Ido ya tsaya a kan layin gungumen taku biyu zuwa uku gaba. Mai kallon yatsun ƙafarsa kansa zai sunkuya, nauyinsa ya rinjaya gaba, mai kallon dandamalin can nesa kuma ba ya ganin inda yake takawa.

Takun farko ya fi kowanne daraja. Gungumen yana tsaye cik lokacin da ka same shi, kuma in ka taka daidai za ka miƙa wa ƙafa ta biyu gungume mai natsuwa. In ka kuskure, kowane taku na gaba yana sauka ne a kan abin da ya riga ya ɗauki gudu. Akwai gyara: in ya fara juyawa dama, sai a sa ƙafa ta gaba ɗan hagu da ƙololuwa don ta taka masa birki. Amma gyaran ɗan kaɗan ne, santimita biyu ko uku. Masu wuce gona da iri su ne za ka ga gungumen ya komo da su ta ɗaya gefen.

Wani wurin da ake yawan zubewa shi ne takun ƙarshe. Mutum ya ga dandamali ya matso sai ya daka tsalle da dukan ƙarfinsa, ya manta cewa abin da yake turawa ba ƙasa ba ce. Ƙafar ta zame, rabin ƙarfin ya tafi wajen juya gungumen, sai ƙirji ya daki bakin dandamali. Gara a ƙara taku ɗaya a fice da gudu.

Wanda ake rungumewa kuwa, shi ne ya yi suna a matakin farko na SASUKE, can a filin Midoriyama da ke Yokohama, kafin ya bazu zuwa sauran ƙasashe. Ɗan wasa zai haye gungumen, ya kwanta a tsawonsa, ya naɗe shi da hannu da ƙafa, sannan ya tura. Bakunan gungumen biyu suna birgima a kan layukan ƙarfe masu gangara, mutum yana juyawa tare da shi, sama da ƙasa, har ƙarshen layin. Daga baya an yi wa layin matakai, yadda gungumen zai faɗo ɗan ƙasa da ƙarfi ana tsakiyar juyi.

Nan juyin ba abin gudu ba ne, dole ne ya faru. Abin da ake yaƙi da shi shi ne fizgar da ke neman ɓamɓare mutum waje. Ƙarfinta ya dogara da abu biyu: nisan jikinka daga tsakiyar gungumen, da saurin juyi. A gungume mai kaurin santimita 40, wanda ya manne sosai tsakiyar nauyinsa tana wajen santimita 30 daga tsakiya. A juyi ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, fizgar ta kai kusan nauyinsa da ɗan ɗori. Lokacin da ya zo ƙarƙashin gungumen, nauyinsa na asali ya haɗu da ita, sai mai kilo 70 ya ji hannayensa da ƙafafunsa suna ɗauke da sama da kilo 150. In saurin ya kai juyi ɗaya da rabi a daƙiƙa, abin ya haura kilo 250. Da yake gangara ce, saurin ƙaruwa yake yi, saboda haka juyin ƙarshe shi ne mafi tsanani, daidai lokacin da hannu ya fara sanyi.

Ka lura da yadda ake faɗuwa a nan. Ba kasafai hannu ke fara saki ba. Ƙugu ne ke fara rabuwa da gungumen. Da ya buɗe da santimita 10, fizgar da ke kansa ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, ta ƙara buɗe shi, ƙafafu su warware, su yi lilo waje, su ja sauran jikin. Don haka aikin na ƙafafu ne da cinyoyi da ciki. A harɗe idon sawu ɗaya kan ɗaya a bayan gungumen, a matse da cinyoyi, a danna mara da ƙirji su lafe. Kewayen irin wannan gungumen wajen santimita 126 ne, saboda haka mai dogon hannu zai iya kama wuyan ɗaya hannunsa. Wannan kamun ya fi harɗe yatsu, domin gumi yana warware yatsu. In akwai mariƙi a jiki a yi amfani da shi, amma kada a miƙe hannu a kansa, gwiwar hannu ta zauna a lanƙwashe tana jan ƙirji ciki. Kai kuma a juya shi gefe, kunci ya manne, don kada haɓa ta sha duka a wurin matakan nan.

A kwanta a tsakiyar gungumen, a kuma tura shi daidai. In nauyi ya rinjaya baki ɗaya, ko aka tura a karkace, wani bakin yana iya riga wani, gungumen ya gicciye, ya cije a hanya ko ya nemi barin layi. Kada kuma a saki da an ji ya daki abin tsayarwa, domin yakan yi tsalle baya ko ya ƙara rabin juyi.

Bayan an sauka akwai sauran aiki. A cikin kunne akwai wasu ƙananan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa kai yana juyawa. Idan juyin ya tsaya kwatsam, ruwan yakan ci gaba da motsi na ɗan lokaci, sai mutum ya ji duniya na juyawa, idonsa yana rawa. Ga agogo yana ci, domin matakin farko na gasar da lokaci ake yinsa. Duk da haka daƙiƙa biyu ko uku da za a kashe a tsaya, a kafa ido a kan abu ɗaya da ba ya motsi, a ja numfashi, ba asara ba ce. Da yawa sun tsira daga gungumen, hajijiyarsa ta kayar da su a shinge na gaba.

Masu inji, irin sanda mai zagayawa da ke share mutane a shirin Wipeout, wata gasar shingaye ta talabijin, lissafinsu daban ne kuma ya fi sauƙi. Nauyinka ba ya canza musu komai, sai dai ka karanci zagayensu. Abin lura kawai, bakin sanda ya fi gindinta gudu: sanda mai tsawon mita 5 da ke zagaye 10 a minti, bakinta yana tafiyar sama da mita 5 a daƙiƙa, alhali a mita 2 daga tsakiya gudun bai wuce mita 2 da kaɗan ba.

Ga masu ƙera shingen, wahalarsa a hannunsu take. Bututu mara nauyi yana amsa taku nan take, mai nauyi yana jinkiri, amma in ya ɗauki gudu tsayar da shi sai an sha wuya. Siriri yana rage wurin takawa. Boris mai sabon giris ya fi zafi, kuma ana iya lafar da shi da ɗan bel ko roba mai gogar ƙarfen tsakiya. Abin da na fi damuwa da shi shi ne adalci tsakanin 'yan wasa. Duk wanda ya faɗa ruwa yana fantsama shi a kan gungumen, kuma inda ake ɗaukar shirin da dare raɓa ma tana sauka. In ba a goge shi tsakanin mutum da mutum ba, na ƙarshe ba shinge ɗaya ya hau da na farko ba. Ɗan wasa ma ya goge tafin takalminsa kafin ya tashi, ya kuma zaɓi takalmi mai siririn tafi na roba mai laushi, wanda ƙafa ke jin saman gungumen ta cikinsa.

Mai son koyo ya fara da gungumen da bai wuce tsayin gwiwa ba, katifu masu kauri a gefe biyu, an ɗaure juyinsa yadda da ƙyar yake motsi. A ja layi da fenti ko tef a ƙololuwarsa, a yi ta bi har ƙafa ta saba da sauka a kai, sannan a riƙa sassauta birkin kaɗan-kaɗan. A koyi faɗuwa ma: in ta tabbata, a tafi gefe ɗaya da dukan jiki, kada a bari gungumen ya shiga tsakanin ƙafafu, kada kuma a tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu. A rufe bakunan ƙarfe da kawunan noti da soso, a wanda ake rungumewa kuma a kange wurin da bakin gungumen ke haɗuwa da layi, don nan ne yatsa ko gashi ko igiyar takalmi ke iya maƙalewa. Kafin kowane atisaye a juya shi da hannu a saurara. In boris yana ƙara ko yana cijewa a wani wuri, a sauya shi kafin kowa ya hau.