Talata, takardar misiyon Tanut

Famfo bai kawo ruwa ba yau ma. Jarka biyu wajen garuwa, kabu-kabu zuwa biro, zafi tun ƙarfe takwas.

Takardar misiyon Tanut, wato tafiyar aiki, ta iso teburina don lissafin kuɗin tafiya. Sunaye huɗu har da direba, babu Hadiza. Ita kuwa ta tsara takardun tambayoyin, ita ta horar da masu ƙidayar hatsin.

Ga yadda takardar nan ke bi a wurinmu: shef ɗin sarbis ya rubuta sunaye da fensir, sakatare ta buga, darakta ya sa hannu da tambari, sannan ni in lissafa kwanaki in biya. Matakai uku na ƙarshe ba mai canza komai a cikinsu, darakta ma adadin kwanaki da man mota kawai yake dubawa. A fensirin nan ake yin ɓarnar, don ba a rubuta dalili, ba a kuma tambayar wanda aka bari.

Hadiza ta tare shef a baranda bayan azahar.

"Shef, ban ga sunana ba."

"Haba Madam, tausaya miki na yi. Kwana huɗu a ƙauye, ga goyo. Alhaji ma zai yarda?"

"An yaye Abba tun kafin azumi, Shef. Alhaji kuma shi ya kai ni tasha lokacin na Magarya."

Ya yi dariya ya ce to, wani karon. Malam Isuhu ya ƙara da cewa ai su mata ciyar da su ake yi, maza ke da cefane. Kowa ya dara, har ita, irin dariyar da ake yi don zance ya wuce.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan: da ya ce ba ta iya ba, da ta kawo aikinta an duba. Tausayi fa? Wa zai kai ƙarar tausayi? Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta hana bambanci saboda jinsi, ta ba mai haihuwa hutun mako 14 da awa guda kullum ta shayarwa, amma ba ta ce shef ya yanke wa mace abin da za ta iya ɗauka ba. Kuma asarar ba ta tsaya ga kuɗin kwana huɗu ba. Wanda ya je shi ke sa hannu a rahoto, rahoton ya tafi Yamai da sunansa, ƙarshen shekara a ce ba ta san daji ba. Na buɗe rajistar bana na ƙirga: misiyo tara, Hadiza ɗaya, shi ma don Musa ya kwanta zazzaɓi.

Gyaran ba wuya: a liƙa jadawalin tafiye-tafiye a allo tun farkon wata, a yi juyi-juyi, wanda ba zai iya ba ya faɗa da bakinsa. Na faɗa wa shef haka. Ya ce ranar matan Nijar ta 13 ga Mayu ta wuce, in ajiye jawabin sai baɗi.

Na biya kuɗin dai. Aikina ne.

La'asar an ɗauke wuta. Inna ta aiko da fura daga Birni, ta yi tsami kaɗan. Gobe taro ƙarfe tara, na ga har an ɗora littafin rubuta bayanan taro a teburin Hadiza, wai rubutunta ya fi kyau.