Hoton da na ɗauka a Malanbil

Tun da na dawo Maradi 'yan zumunta ke damuna wai in tashi ranar Lahadi in ba da shaidar shekara biyun da na yi a Benin. Na tashi na bayar, minti goma, aka tafa aka ce amin. Amma waccan shaidar ta gaban majami'a ce, an yi mata wanki da guga. Wannan kuma ta ku ce matasan da ke shirin fita filin aikin bishara, don ba irin wadda ake faɗa da makirfo ba ce.

A 2021 na bar gida, na gama makarantar Littafi Mai Tsarki ke nan, kai cike da ayoyi. Mota daga Maradi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, a gangara Gaya, kana tsallake gadar Kwara sai ga ka Malanbil. Wai ƙasar waje ke nan. Sefa ɗaya muke kashewa da su, faransanci ɗaya, cikin kasuwa kuwa Hausa kake ji ta ko'ina har ka manta ɗazun nan jandarma ya duba maka kart dantite. Sai da na shiga ƙauyuka na san na bar gida, inda tsohuwa za ta zuba maka Dandanci ko yaren Bariba kai kuma kana ta washe haƙora kamar wanda aka ba kyauta.

Kandi aka aje ni. Talata zuwa Alhamis ina bisa moto cikin gonakin auduga, Juma'a in kama titi zuwa Malanbil, wajen kilomita 100, don ƙarshen sati kasuwar ke cika da mutanenmu na Nijar da na Najeriya, in kwana can in dawo Asabar da marece saboda sujadar Lahadi. Duk wannan kun san shi. Litinin ita ce ranar da na tsana, ranar rapor.

Shugabanmu yana zaune Paraku. Ba zan faɗi sunansa ba, Baba muke ce masa dukanmu, kuma gaskiya a shekaru ya haife ni. Kowace Litinin kafin hantsi ya dubi ludayi saƙonsa ya shigo WhatsApp, kuma tambaya biyu ce ba ta canzawa: mutum nawa, ina hoto? In ka rubuta masa cewa ka yi wuni guda ƙarƙashin mangwaro da wani dattijo kuna hirar duniya har ya ce ka dawo wani sati, wannan ba aiki ba ne a wurinsa. Yakan ce ɗana, masu aiko da kuɗin nan ba su ganin hira, hoto suke gani. Ni kuma lokacin ina son a ce yaron nan na Maradi ya iya aiki, ba zan ɓoye ba.

To akwai wani saurayi ɗan dako a kasuwar Malanbil, mai tura pus-pus, buhunan albasar da ke saukowa daga wajen Galmi su yake jigila. Bahaushe ne daga wani ƙauye na Nijar, yana zaune gidan kawunsa, pus-pus ɗin ma na kawun ne. Wajen mai shayi muka saba. Ya ji ana ce mini ɗan mishan, bai ce komai ba gaban mutane, sai da dare ya tsala ya same ni inda nake kwana. Tambayoyi gare shi, masu nauyi, wasu ma ban da amsarsu. Na ba shi kart memuwar mai karatun bishara da Hausa ya sa a wayarsa. Wata huɗu muna haka duk daren Juma'a, kuma tun ranar farko ya ce mini, Malam, wannan amana ce tsakanina da kai, kada kowa ya ji. Na ce Allah shaida. Bai ce ya bi ba, bai nemi baftisma ba, tambaya kawai yake yi.

Sai ga damina. Sati biyu ruwa ya yanke hanyoyin ƙauye, masassara kuma ta kwantar da ni, rapor ɗina fayau ba kowa ciki. Baba ya yi mini vokal mai zafi, har da cewa ko hutu na zo yi. Daren Juma'ar da ta biyo yaron nan yana zaune bisa tabarma da Littafi a hannu yana haɗa baƙi da ƙyar, fitilar waya na haska masa fuska, na ce tsaya in ɗauke ka. Ya ce na mi ne? Na ce na tunawa ne kawai. Ƙarya na yi masa, tun ina latsawa na san inda hoton zai je.

Litinin na tura. Can ƙarshen vokal, da sauri kamar mai jin kunyar maganar, na ce Baba wannan dai kada a fitar da shi. Ban rubuta ba, ban maimaita ba, ban kira na tabbatar ya ji ba. Kwana goma sai ga fuskar yaron a Facebook, da rubutu ƙasa da faransanci da turanci wai sabon mai bi, a yi ta godiya ga Ubangiji. Wanda ya san Malanbil ya san kasuwa ce babba amma gari ne ƙarami, direba ɗaya ya gani ya isa. Kafin wata Juma'a kawun ya karɓe pus-pus, ya watso masa kaya waje, aka buga waya ƙauye, maganar auren da ake yi masa ta watse.

Ya same ni wajen mai shayin nan da ledar kayansa a hannu. Da ma zagina ya yi, ko ya mare ni, da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi, Malam, mi na yi maka? Na fara kame-kame wai ba ni na sa ba, wai kuskure aka yi daga sama. Ya dube ni ya ce amma ai kai ka ɗauka. Na miƙa masa jika biyar da ke aljihuna ya ƙi karɓa. Daga baya aka ce mini ya hau wata babbar mota ya yi kudu, wasu su ce Kwatano. Lambarsa tana nan cikin wayata, ba ta shiga.

Na kira Baba ina kuka. Abin da ya fara ce mini shi ne tsanani gadon masu bi ne, in yi murna. Na ce Baba yaron nan bai ce ya bi ba, mu muka bi da shi ƙarfi da yaji. Kwana huɗu ana ja kafin a sauke hoton. Wanda ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne taron ma'aikata da aka yi Paraku bayan wata guda, inda Baba ya tashi gaban kowa ya yi misali da ni, wai yaran yanzu ba su da hikima, wa ya aike shi ɗaukar hoton mai zuwa a ɓoye, ai ko Nikodimu da ya zo wurin Yesu da dare ba a tona shi a kasuwa ba. Wa ya aike ni! Saƙonninsa na Litinin sun fi saba'in cikin wayar da ke aljihuna a lokacin. Na sunkuyar da kai na ce na gode Baba, don haka aka rene mu, kuma don rabin maganarsa gaskiya ce. Na yafe masa, an ce mu yafe. Amma har na bar ƙasar bai taɓa tambayata ina yaron yake ba, ko sau ɗaya.

Daga nan ban sake tura fuskar kowa ba. In ya ce ina hoto sai in aika masa moto ta kafe cikin laka, ko itacen da muka zauna ƙarƙashi. In sati ya wuce ban samu kowa ba in rubuta sifili, da lamba, ƙato. Kuɗin wata ya riƙa makara, sunana ya daina fitowa cikin waɗanda ake yabo. A wannan shekarar ta biyu ne kuma na iya Dandanci har tsofaffi na yi mini ba'a da shi, kuma akwai gidaje a wajen Gene da har yau in na buga waya sai an zagaya da ita kowa ya gaishe ni. Ba su cikin rapor ko ɗaya.

Sauran abubuwan ƙanana ne. In ka shiga gari fara gaida mai gari da liman kafin ka buɗe jaka. Man kwalba na bakin titi ka duba shi da kyau, sau biyu ina tura moto cikin daji saboda shi. Ko na dala ashirin ka saya ka karɓi resi. Abin da aka aje maka ka ci, sakwara ce ko wagashi, kada ka tsaya neman furar gida. Tun harin da aka kai cikin gandun dajin W a Fabrairun 2022 muka daina yin wajen Karimama, kuma magariba ba ta riskarmu a hanya, duk wanda ya ce maka rashin bangaskiya ne ka ce ya zo ya hau gaba.

Dawowata ta faɗo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, an rufe gada, sai a kwale-kwale na tsallako Gaya da jakata bisa kai. Ina jiran jirgin ina ta duban 'yan dako da ke sauke kaya bakin ruwa ɗaya bayan ɗaya, ko zan gan shi.

Shekaranjiya wani ƙanenmu da za a tura ya zo gida neman shawara, Inna ta dama masa fura muka zauna zaure. Na zaci hanya zai tambaye ni ko yare. Cewa ya yi, Yaya, wace waya ce mai kyamara mai kyau wadda ba ta da tsada, Baba ya ce in saya kafin in taso.