Rowar Ruwa a Phoenix

Shekarata ta farko a birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka, ban kashe tsiro ko ɗaya da ƙishirwa ba. Da ruwa na kashe su duka.

Gidan da na kama haya yana da ɗan fili a baya, tsakuwa zalla. Na ɗauka lalacin masu gidan ne, ashe dabara ce, don tsakuwar na rage saurin bushewar ƙasa. Na kwashe ta, na dasa alobera da kaktus, tsiron hamada mai ƙaya, safe da yamma ina tsaye a kansu da tiyo. Garin da ruwan samansa na shekara guda bai cika wuce milimita 200 ba, ai gani nake tausayi nake yi musu. Kafin wata biyu saiwoyin sun ruɓe.

Wani dattijo maƙwabcina ne ya leƙo ta katanga ya ce in haƙa rami ya gani. Ban yi nisa ba shebur ya daki wani abu mai tauri kamar siminti. Kalici suke kiransa. Idan ba ka fasa shi da diga ba, ruwa kwanciya yake yi a ƙarƙashin shuka kamar a kwano.

Shi ya koya mini sauran. A yi dashe a watan Oktoba bayan zafi ya karye, don saiwa ta kama kafin bazara. A ba da ruwa ya ratsa can ƙasa, sannan a ƙyale shi ya bushe kafin a sake. Abin da ya fi ba ni mamaki, ko mai jure fari sai an lallaɓa shi shekara ɗaya ko biyu kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Na dasa palo berde, bishiyar da jihar ke alfahari da ita. Ɓawonta kore ne shar, ko ta zubar da ganye don tsimin ruwa, jikinta na ci gaba da haɗa mata abinci daga hasken rana. Saguwaro kuwa, ƙaton kaktus mai tsayi kamar bishiya, na haƙura da shi. Sai ya shekara 50 ko fiye kafin ya fid da reshe, ni kuma haya nake.

A 2023 aka jera kwana 31 zafi na kaiwa digiri 43 ko fiye. Kullum da asuba sai na fita duba bishiyata, hannuna na ƙaiƙayin tiyo. Da Afrilu ta zagayo ta rufe kanta da furanni ruwan ɗorawa, har dattijon ya ce in zo in share waɗanda suka zuba a gidansa.